Garin ƙasa da 'yan fim suka sa a gaba a Maroko

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanena na Birnin Kudu da ƙauyukan da ke kewaye. Yau daga kudancin Maroko nake muku magana. Bari in juya kyamarar. Kun ga wancan garin da ya hau jikin tudu, ja wur, gida a kan gida? Sunansa Ait Bin Haddu, kimanin kilomita 30 daga birnin Warzazat. Da yawanku kun taɓa ganinsa a gidan kallo ko a waya, ba ku dai san shi ba ne.

Wanda ya kalli Gladiator na 2000, ya tuna inda aka kai jarumin bayan an kama shi bawa, ya fara faɗa a wani ɗan filin dambe na ƙasa, jama'a na ihu a kansa. To, a gindin garin nan aka gina filin, da tubalin ƙasa, magina 'yan yankin suka yi aikin. Da aka gama ɗauka aka kwashe shi, yanzu fili ne fetal. Masu bin Game of Thrones kuma, birnin Yunkai da sarauniyar nan mai farin gashi ta 'yanta bayinsa a zango na uku, a 2013, wannan garin ne aka ƙara masa ado da kwamfuta. The Mummy ma ya biyo ta nan.

Na san dattawanmu wanda ya fi zama a ransu shi ne Ar-Risala na Mustafa Akkad, na 1976, wanda ake sawa da azumi. A Maroko aka fara ɗaukarsa, aka ƙarasa a Libiya. Kuma sau biyu aka ɗauke shi, na Larabci daban, na Turanci daban, kowanne da 'yan wasansa: Anthony Quinn ne Sayyidina Hamza a na Turanci, Abdullahi Gais a na Larabci.

Mu shiga ciki. Sai an tsallaka kogin Unila, ga shi nan ruwa kaɗan ne. Yawancin mutanen garin sun koma sabon gari a wancan ƙetaren, gidaje ƙalilan ne ake kwana a cikinsu. Ku dubi bangon nan da kyau, zan matso. Ƙasa ce da ciyawa. Kawu, in yara sun nuna maka wannan, na san hannunka zai yi ƙaiƙayi, don sana'arka ce sak. Bambancin, a manyan bango su sukan kafa katako biyu su zuba ƙasa a tsakani su daddaka ta, mu kuwa tubali muke murzawa mu jera. Amma ga itacen rufi inda muke sa azara, ga indararo, ga ado a saman soro inda muke fitar da zanko. Ayarin fatake da ke ratsa Sahara zuwa Marrakesh nan suke yada zango a da, kuma a 1987 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Wani mai shago ya tsayar da ni ya ba ni shayi, ya nuna min hotunansa a bango: nan yana sanye da kayan sojan Rum, nan bawa, nan ɗan kasuwar Makka. Ya ce in 'yan fim suka zo, har mai jaki da mai gemu suna samun aiki. A Warzazat akwai katafaren wurin shirya fim na Atlas tun 1983, amma duk da haka masu kyamara suna fitowa nan, don bangon da rana da iska suka ci shekaru aru-aru yana da wani kama da kafinta ba zai iya ƙera shi ba.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan tun safe. Mu a gida da mutum ya samu kuɗin riɗi ko ɗansa ya turo daga Legas, abu na farko a rushe soron kaka a sa bulo da kwano. Ban ga laifin kowa ba. Nan ƙasar fari ce, mu kuwa muna da damina, kuma duk ɗan Jigawa ya san yadda gidajen ƙasa suka zube a ambaliyar 2022, har da asarar rayuka. Sai dai magabatanmu sun san maganin ruwa: yaɓe duk shekara kafin saukar damina, da makuba ta ɗorawa, da katsi daga marina. Masu wannan sanin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yara ba sa koya.

Su kuma 'yan Kannywood, don Allah ku leƙo ƙauye da gaske. An gaji da falon haya mai labule da kujerun alfarma. Duwatsun Birnin Kudu da zanen mutanen zamanin da a jikinsu suna nan, ga duwatsun Dutse, ga ruwan Tiga. Sholay da iyayenmu suka haddace, a duwatsun Ramanagara kusa da Bangalo a Indiya aka ɗauke shi, ya fito a 1975, har yau mutane na zuwa ganin wurin saboda fim ɗin. Namu ba su gaza waɗancan ba.

Ƙanena da ke gida, ga aiki: ka ɗauki wayarka ka zagaya soron Kawu ciki da waje, ka sa shi ya yi bayanin yadda ake ɗaura azara, ka turo min in haɗa da wannan. Ni yanzu zan hau saman tudun in nuna muku tsohon rumbun garin kafin motar Warzazat ta tashi.