Jawabin Maraba da Mai Girma Gwamnan Jihar Maraɗi a Ƙaramar Hukumar Jiratawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamnan jihar Maraɗi, mai girma shugaban gundumar Madarunfa, ranka ya daɗe Sarkin Jiratawa, masu garuruwa, malamai iyayenmu, mata da matasa, da sauran manyan baƙi. A madadin al'ummar wannan ƙaramar hukuma muna yi wa mai girma Gwamna da ƴan rakiyarsa barka da zuwa, sannu da hanya, Allah Ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, tafiyar da ka yi daga birnin Maraɗi zuwa nan ba ta wuce kilomita goma da ƴan kai ba, amma ka baro tudu ka gangaro fadama. Jiratawa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, tare da Madarunfa kanta, da Ɗan Isa, da Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, kuma Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina a Najeriya ya shigo mana ta kudu, shi ne ya ba ƙasarmu siffarta. A tudu jigawa ce ta gero da wake da gyaɗa, a kwari kuwa laka ce baƙa mai riƙe danshi.

Wannan kwari ne ya karɓi sarakunan Katsina bayan birninsu ya fita hannunsu a shekarar 1807, har Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau zumuncinmu da Katsinawa na jini ne. Gulbin da ya ciyar da kakanninmu shi ne kuma ya ci tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945, aka mai da birnin kan tudu.

Abin da ya fitar da sunan Jiratawa a faɗin Nijar shi ne gandarin noman rani da aka kafa a farkon shekarun 1980, mai faɗin hekta fiye da 500, wanda manoma suke tafiyarwa cikin ƙungiyoyinsu da taimakon ONAHA, hukumar ƙasa mai kula da gandayen noman rani. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa injuna suke jawo shi da wutar lantarki. Wanda ya zo nan da asuba zai tarar da mata sun sunkuya cikin zogale, wanda muke kira tamaka, suna tsinka suna cusawa cikin buhuna, ƴan babura kuma na jira a bakin hanya domin ganyen ya isa kasuwar Maraɗi kafin rana ta sa ya yi yaushi. Da kuɗin ganyen nan ake sayen littafin ɗan makaranta, da shi ake kai mai ciki awo, kuma shi ne ya zaunar da samari da yawa gida lokacin da tsaransu na wasu yankuna suke tafiya cin rani.

To amma, ranka ya daɗe, tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ɓangaren Najeriya, gulbi ba ya malala kamar yadda dattawan da ke zaune a gabanka suka san shi, kuma ruwan da ba ya kwanciya a fadama ba ya sauka ƙasa ya cika rijiyoyi. Idan wuta ta ɗauke kwana biyu a watan Afrilu, manomi yana tsaye shukarsa take ƙonewa. Muna roƙo a ƙara injuna masu aiki da hasken rana, a gyara magudanan da suka tsage, a kuma tuna da gulbinmu duk lokacin da aka zauna da ƴan uwanmu na Najeriya, tun da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa ta ambace shi da sunansa.

A fannin mulki, dokar 2002 ce ta kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓen farko a 2004, kuma tun watan Afrilun 2024 wakilan da gwamnati ta naɗa ne suke riƙe da su. Aikin da ke wuyan ƙaramar hukuma yana da nauyi, daga takardun haihuwa zuwa kula da makarantu da kasuwanni da burtalin dabbobi, alhali abin da ke shigowa asusunta daga lanho, wato harajin kai, da harajin kasuwa bai kai ya ɗauke shi ba. Da ba domin Sarki da masu garuruwa suna tsaye wajen tattara lanho da sasanta manomi da makiyayi ba, da aikin ya gagara, kuma muna gode musu a gabanka.

Bayan wannan taro, ranka ya daɗe, muna fatan ka taka da ƙafarka zuwa cikin gandari, inda shugabannin manoma suke jiranka a bakin rijiya. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya mai da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.