Darasi: Kwatanta Rukunin Majinyata Idan Mutuwa Ta Riga Cuta Dawowa

Assalamu alaikum, ɗalibai da ma'aikatan lafiya, daga nan Kaduna muke zuwa muku. Tambayar yau: cikin waɗanda suka gama maganin tarin fuka, masu ƙwayar HIV da marasa ita, su wa tarin ya fi dawo wa?

Inda gizo ke saƙar shi ne wasu kan rasu kafin ya dawo, wanda ya rasu kuwa tari ba zai sake kama shi ba. In ka haɗa shi aji ɗaya da wanda ya ƙaura Zariya aka daina ganinsa, lissafin Kaplan-Meier, wato hanyar da aka saba bi wajen ƙiyasta kason waɗanda abu zai same su a tsawon lokaci, zai ɗauka shi ma cutar na iya dawo masa.

Ku ɗauko biro. A ce mutum 100 ne. Mutum 40 suka rasu a shekarar farko, a ta biyu tarin ya dawo wa 30 cikin 60 da suka rage. Amsar gaskiya kashi 30 cikin 100 ce. Kaplan-Meier zai raba 30 da 60, ya ba ka kashi 50. Kun ga yadda ya kumbura.

To, ga gyaran. Kowane majinyaci a ba shi lamba: 1 in tarin ya dawo, 2 in ya rasu kafin nan, 0 in an daina ganinsa ko bincike ya ƙare yana lafiya. A manhajar R, ku ɗora ƙunshin umarnai mai suna cmprsk. Umarnin cuminc zai zana layin da ke nuna kason waɗanda tarin ya dawo wa a kowane rukuni, haɗe da gwajin Gray na 1988, wanda ke duba ko layukan sun bambanta. In kuna son a yi la'akari da bambancin shekaru da jinsi a lissafin, sai tsarin Fine da Gray na 1999: crr a R, stcrreg a manhajar Stata. Shi crr lambobi kawai yake karɓa, don haka namiji da mace ku mayar da su 0 da 1.

Don Allah a kula da wannan. In layin masu HIV ya fito ƙasa, kada a yi saurin cewa tarin bai cika dawo musu ba, ta yiwu mutuwa ce ke ɗauke su da wuri. A zana layin mutuwar a gefensa. Gwajin log-rank da tsarin Cox, hanyoyin da aka saba kwatanta rukunai da su, wata tambaya daban suke amsawa: cikin waɗanda ke raye kuma tarin bai dawo musu ba, da wane sauri yake dawowa? Mai binciken sanadi wannan yake buƙata, mai tanadin magani da gadaje kuwa na Gray. A rahoto a kawo duka biyun, na dawowar tari da na mutuwa.