Wannan Hazon na Delhi Ba Irin Namu Ba Ne

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Delhi. Ku yi haƙuri da muryata, tun asuba maƙogwarona ke ƙaiƙayi. Bari in juya muku kyamara. Kun hango wancan benen? Ni ma da ƙyar nake ganinsa, alhali tafiyar minti biyar ce tsakaninmu. Ƙarfe tara ta wuce, amma rana ta yi ja kamar garwashi, kana iya zuba mata ido.

Jiya na tura wa Umma hoto, ta ce, "Ashe ku ma hunturu kuke yi." Na ce mata Umma, namu ƙura ce iska ke kwasowa daga Sahara. Wannan kuwa wari gare shi, warin salansar babbar mota. Ka fita awa ɗaya, ka share hanci, ka ga baƙi.

Nan Anand Vihar ne, babbar tashar motoci, ɗaya daga wuraren da iskarsu ta fi lalacewa a garin. Ma'aunin gurɓatar iska da na duba a waya ya haura 400, matakin da hukuma ke kira mai tsanani. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙwayoyin da ake kira PM2.5. Ƙanana ne ƙwarai, suna wuce hanci su shiga can cikin huhu, har jini.

Duk watan Nuwamba laifin manoman Punjab da Haryana, jihohin da ke kusa da Delhi, ake gani, masu ƙone karan shinkafa, da kuma wasan wuta na bikin Diwali. Gaskiya suna ƙarawa. Amma nasu na 'yan makonni ne. Fetur da dizal da gawayin kwal kuwa, shekara zagaye ake ƙona su, don sama da kashi 70 cikin 100 na lantarkin Indiya daga kwal yake fitowa. Sanyi ne kawai ke tona asiri: iska ta tsaya cak, hayaƙin ya kwanta a kan gari kamar an kife shi da ƙwarya.

Sun yi ƙoƙari fa. Bas-bas da a-daidaita-sahun nan masu launin kore da ɗorawa, an mayar da su kan iskar gas tun farkon shekarun 2000 bisa umarnin Kotun Ƙoli. Tashar lantarki mai ƙona kwal ta Badarpur da ke nan Delhi an rufe ta a 2018. A 2016 har motoci aka raba, masu lamba mara yau, masu cika gobe. Sai dai motocin ƙaruwa suke yi kullum.

Ni ina da takunkumi, ina da ɗakin da zan rufe. Mai a-daidaita-sahun da ya kawo ni, dattijo ne, tun daga gida yake tari yana goge idanu da gefen rawaninsa, kuma a kan titin nan zai wuni. Ina da takunkumi guda a jaka, na ba shi. Bari in shiga jirgin ƙasa, numfashina ya fara nauyi.