Lissafin kwamfuta da wutar da gini ke sha a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum masu kallo. Tun kafin a aza tubali, injiniya na iya zana ofis a kwamfuta, manhaja ta gaya masa wutar da ginin zai sha a shekara. EnergyPlus, wadda ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, na cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ana ba ta kaurin bango, irin rufi, girman tagogi, inda ginin ya fuskanta, da yanayin garin awa bayan awa. To, abin da ta faɗa yana tabbata?

Sau da yawa a'a. A 2008 cibiyar New Buildings Institute ta duba gine-gine masu shaidar LEED (ta tsimin makamashi da kare muhalli) a Amurka, ta tarar fiye da rabin waɗanda aka gwada sun kauce wa hasashen da sama da kashi 25 cikin ɗari, wasu sun zarce, wasu sun gaza. A can ke nan, inda ba a cika ɗauke wuta ba.

Lissafin zafi kam manhajar ta iya shi. Abin da aka ɗora mata shi ne ke kawo cikas. Bayanan yanayin da take amfani da su na shekara ce matsakaiciya, an harhaɗo ta daga shekaru da dama, alhali watan Afrilu a Birnin Kebbi zafi na haura digiri 40. Manhajar tana ɗauka an saita AC a 24, ma'aikaci kuwa ya shigo sharkaf da gumi, ya danna ta zuwa 16, ya bar ƙofa a buɗe. Ƙurar hunturu ta toshe matatar AC, injin ya riƙa wahala. A zane akwai abin tare zafi ƙarƙashin kwano, ɗan kwangila ya tsallake shi don kuɗi sun yi ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wutar kanta. Manhajar na zaton akwai wuta dare da rana. Idan mita ta nuna ƙasa da hasashe, kada a yi murna cewa ginin na tsimi. Janareta ne ya ɗauki sauran, kuma dizal ɗinsa ba ya bi ta mita.

Shi ya sa nake ganin amfaninta na gaske shi ne gwada zane biyu: rufi fari ko mai duhu, tagogi a yamma ko a arewa. A nan tana faɗin wanda ya fi. Idan kuma ginin ya fara aiki, sai a daidaita ta da takardun kuɗin wuta na watanni 12. Ƙa'ida mai lamba 14 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gini ta Amurka, ta yarda da saɓanin da bai wuce kashi 15 ba a lissafin wata-wata, da kashi 5 a jimilla. A Kebbi sai an haɗa da litar dizal da abin da sola ta bayar.