Sanda a hannu ɗaya, waya a ɗayan: yadda ake yi wa makafi jagora a Tokyo

Assalamu alaikum jama'a, yau ƙasa zan nuna muku ba sama ba, ku dubi wannan layin rawaya da nake bi a cikin tashar jirgin ƙasa nan Tokyo. Wani ɗan Japan mai suna Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro shi a 1965, aka fara shimfiɗa shi a garin Okayama a 1967 kusa da makarantar makafi. Iri biyu ne kawai, mai dogayen layuka yana nufin ci gaba da tafiya, mai ɗigo-ɗigo kuma yana nufin dakata, akwai matakala ko ka zo bakin inda jirgi ke tsayawa. Ba caji ba data, tafin ƙafa da sanda ne ke karantawa.

Toh amma layin ba zai gaya maka ina ya nufa ba, nan ne waya ta shigo, kuma nan ne rigimar take. GPS na waya ko a fili yakan kauce da kamar mita 5, a ƙarƙashin ƙasa irin nan kuwa sai haƙuri. Mai gani idan aka ce masa ka iso ɗaga kai kawai zai yi ya hango ƙofar, makaho fa? Ya iso ina, ƙofar tana dama ne ko hagu? Shi ya sa a wasu tashoshin Tokyo Metro aka liƙa QR a kan masu ɗigon nan, manhajar shikAI ta karanta ta faɗa maka ta ina za ka bi da nisan da ya rage. Dabara ce mai kyau wallahi, sai dai ni abin da ke damuna hannu ɗaya na riƙe da sanda ɗayan kuma an ba shi aikin nuna waya ƙasa, da wanne mutum zai kama ƙarfen matakala? A Barsalona suna da NaviLens, lamba ce mai launi-launi da kamara ke kamawa daga nesa ko a karkace ba sai ka saita ta ba, wannan gaskiya ya fi kwanta min.

Sai kunne, wanda masu haɗa manhaja ke yawan mantawa. Da kunne makaho ke sanin mota ta taho, da shi yake gane bango ya ƙare an fito fili, kai kuma ka toshe masa shi da iyafis manhajarka na ta surutu ba tsayawa, kun ga ai an yi ba a yi ba. Shi ya sa da yawansu suka fi son irin wanda ke zama a kan ƙashi gaban kunne ya bar ramin a buɗe. Sandar WeWALK ta Turkiyya, wadda akwai makaho Kürşat Ceylan cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ba ta canza aikin sanda ba, abin da sanda ba ta kaiwa ta ƙara, wato reshe ko allo daga ƙirji zuwa sama, sai ta girgiza a hannunka.

Wani abu kuma, manhaja tana mutuwa. Microsoft ta fitar da Soundscape, manhajar da ke yi wa makafi jagora da sauti, a 2018, mutane suka saba da ita suka koyi hanyoyinsu da ita, a 2023 aka rufe, an dai yi sa'a sun saki lambobin da aka gina manhajar da su kyauta wasu suka ɗauka suka ci gaba. Jirgina ya iso, sai bidiyo na gaba in sha Allah.