Daga Kladno: gwanayen Turai a hokin ƙanƙara, da wanda na sa a gaba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hular nan da ta rufe min rabin fuska, sanyin yau ya kai inda ya kai, ga tururin bakina nan kuna gani. Yanzu na sauka daga bas a Kladno, wani gari da ke yamma da Prag a Jamhuriyar Cek, tafiyar kamar rabin awa. Garin ma'aikata ne tun asali, garin haƙar kwal da narkar da ƙarfe. Abin da ya kawo ni shi ne ginin can da kuke hange, inda masu riguna shuɗi da fari suke ta kwarara. Filin hokin ƙanƙara ne. Da sauran awa guda kafin a fara wasa, don haka bari in sauke alkawarin da na daɗe da ɗauka, in jera muku gwanaye biyar da Turai ta haifa a wannan wasa, in kuma faɗi wanda nake ganin ya fi kowa.

Amma ku fara ganin wannan da ke hannuna. Shi ake bugawa, a nan puk suke ce masa. Baƙar roba ce mai tauri, faɗinta bai kai tafin hannuna ba, nauyinta wajen giram 170. A firiza ake ajiye ta kafin wasa don kada ta riƙa tsalle a kan ƙanƙara. Idan ƙaƙƙarfan ɗan wasa ya sheme ta da sanda, gudunta yakan haura kilomita 150 a awa. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili, biyar da mai tsaron gida, ana yin zubi uku na minti ashirin-ashirin. Idan an ci zan riƙa cewa ƙwallo, tunda haka bakinmu ya saba. Maki kuwa shi ne ƙwallon da ka ci haɗe da wanda ka miƙa wa wani ya ci.

Da ƙwallon ƙafa na tashi kamar kowane yaro a unguwarmu. Wasan nan bai shiga raina ba sai ranar 26 ga Mayu, 2024, lokacin da Cek ta doke Suwizalan da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na gasar duniya a Prag. Ina cikin taron da ya cika dandalin tsohon gari. Da Pastrnak ya ci wa Cek ta farko a zubi na uku, wani dattijo da muke aiki tare, wanda ban taɓa ganin dariyarsa ba, ya rungume ni yana hawaye. Baba nake ce masa. Ɗan Kladno ne, kuma kusan duk tsofaffin wasannin da na zauna na kalla daga baya, shi ya nuna min inda zan same su.

Akwai waɗanda ba su shiga biyar ɗina ba, kuma ba don ƙanƙantarsu ba. Teemu Selanne na Finlan ya ci ƙwallo 76 a kakarsa ta farko a gasar NHL ta Amurka da Kanada, 1992 zuwa 1993, har yau ba sabon shigan da ya kamo shi. Jari Kurri, ɗan ƙasarsu, ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau biyar da Edmonton. Peter Forsberg na Suwidin, wanda ƙwallon da ya ci Kanada a Olamfik ɗin 1994 har kan tambarin wasiƙa ta hau, jinya ce ta cinye masa shekaru. Da jikinsa ya bar shi, da wata maganar muke yi yau.

Na biyar na ba Valeri Kharlamov, kuma na san a garin nan ba kowa ne zai ji daɗin hakan ba. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba, domin a zamanin Tarayyar Sobiyat ba a barin su su fita. Sai dai a watan Satumba na 1972 an haɗa Sobiyat da zaratan Kanada wasa takwas. Mutanen Kanada sun shiga da tabbacin za su yi musu cin kaca. A wasan farko a Montiriyal, Sobiyat ta ci 7 da 3, Kharlamov ya zura biyu, yana ratsa 'yan baya kamar ruwa a rariya. A wasa na shida a Mosko, Bobby Clarke na Kanada ya sheme shi da sanda a idon sawu ya tsaga masa ƙashi. Kanada ce ta yi nasara a ƙarshe, amma duk wanda aka rasa yadda za a yi da shi sai an ji masa ciwo, ai an riga an shaida girmansa. Ya rasu a haɗarin mota a 1981 yana da shekara 33. Na daɗe ina auna shi da golansu, Vladislav Tretiak, mai zinaren Olamfik uku da kofin duniya goma. Kharlamov ne zuciyata ta ɗauka.

Na huɗu Alexander Ovechkin. Na san wasu za su ce, yaya mutumin da ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin NHL zai tsaya a na huɗu? Ranar 6 ga Afrilu, 2025 ya ci ta 895, ya wuce 894 ɗin Wayne Gretzky, gwarzon Kanada, da aka yi shekaru ana cewa ba mai taɓa ta. Abin mamaki, kowa ya san inda yake tsayawa, gefen hagu cikin da'irar nan, koci ya sani, gola ya sani, 'yan kallo sun sani, amma haka zai buga ta shiga. Ya ɗaga kofin Stanley da Washington a 2018. Aiki ɗaya ya iya fiye da duk wanda ya taɓa riƙe sanda, ban musa ba. Waɗanda ke gabansa kuwa wasan gaba ɗaya suke juyawa.

Na uku shi ne Nicklas Lidstrom, ɗan bayan Suwidin, kuma shi ya fi wuyar bayani ga wanda bai saba kallo ba. Idan ka nemi bidiyon bajintarsa ba za ka ga ya jefar da wani kan katanga ba. Abin da za ka gani shi ne ɗan gaba ya taso da gudu, sai kawai ya tarar da sandar Lidstrom a daidai inda yake so ya bi, ya dawo hannu rabbana. Kaka ashirin ya yi a Detroit, ƙungiya ɗaya, kuma ba kakar da suka kasa kai wa zagayen neman kofi. Sau bakwai ana ba shi kyautar gwanin 'yan baya, kofin Stanley huɗu. A 2008 ya zama kyaftin na farko haifaffen Turai, wanda kuma ya koyi wasa a Turai, da ya ɗaga kofin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an daɗe a Kanada ana cewa 'yan Turai ba su da zuciyar jan ragamar ƙungiya. Shi ne kuma ya ci ƙwallon da ta ba Suwidin zinare a kan Finlan a Olamfik ɗin 2006.

To, bari in juya kyamara ku ga layin nan na masu shiga. Ku ƙirga riguna nawa ne ke ɗauke da lamba 68. Ga yaron can a wuyan babansa, rigar har gwiwarsa. Wannan lambar Jaromir Jagr ce, Yagir ake furtawa, ɗan garin nan, haifaffen 1972. Ya zaɓi 68 ne don tunawa da 1968, shekarar da tankokin yaƙin Sobiyat suka shigo ƙasar nan, da kuma kakansa wanda gwamnatin kwaminis ta ƙwace wa gona ta ɗaure shi. Shi ya sa na ce yabon ɗan wasan Sobiyat yana da nauyi a nan. Baba yana yaro a watan Maris na 1969 lokacin da ƙasarsu ta doke Sobiyat sau biyu a gasar duniya a Istokholm, 2 da nema, sannan 4 da 3. Ya ce min a daren mahaifinsa bai kwana gida ba, jama'a sun cika tituna. A ƙasar nan hoki ya taɓa zama bakin da mutane suke magana da shi lokacin da aka rufe musu nasu.

Yagir ya tafi Pittsburgh a 1990 yana da shekara 18, ya ɗaga kofin Stanley a 1991 da 1992. Sau biyar yana fin kowa maki a kaka. Ya bar NHL da ƙwallo 766 da maki 1,921, Gretzky kaɗai ke gabansa a maki, kuma duk da haka ya yi kaka uku a Omsk ta Rasha daga 2008 zuwa 2011, waɗanda ba sa cikin lissafin. Sannan ya dawo gida. Ƙungiyar nan tasa ce a lokacin, sunanta Rytiri, wato barade masu sulke, kuma ya ci gaba da sa takalmi yana shiga fili har ya haura hamsin, domin ya san sunansa ne ke jawo 'yan kallo da masu zuba kuɗi. Na gan shi da idona a nan a kakar 2024 zuwa 2025, yana da shekara 52. Gudun ya tafi, gemu ya yi fari. Amma da puk ya zo masa a lungu, sai ya juya wa wani matashi baya, ya kafa ƙafafu, ya tokare shi da ƙugu. Yaron ya tura, ya zagaya, ya sake turawa, kamar mai ture kuka. Ina jin ƙarar wuƙaƙen takalmansu suna kankare ƙanƙara daga inda nake zaune. Sai da Yagir ya ga dama ya miƙa wa abokinsa.

Duk da haka na biyu na ba shi. Baba bai yarda da ni ba, mun yi ta muhawara a lokacin hutun cin abinci har sati biyu, kuma har yau yana kan bakansa.

Na ɗaya a wurina mai tsaron gida ne, Dominik Hashek, ɗan garin Pardubice a nan Cek, haifaffen 1965. Dalilina shi ne, sauran sun fi abokan zamaninsu, shi kuwa daga 1994 zuwa 2001 ya bar su a baya da tazarar da ban ga irinta ba. Ku tuna robar nan mai gudun kilomita 150. Akwai yadda ake koya wa gola ya tsaya mata, ya durƙusa, ya haɗa gwiwoyi, ya toshe ƙasa. Hashek bai bi wannan ba. Yakan kwanta rigingine, ya mirgina, ya ɗaga ƙafafu sama, ya yar da sandarsa ya cafke puk da hannu, wani lokaci ma da kai yake tarewa. Da farko an ɗauka sa'a ce. Chicago ta ajiye shi a benci, ta miƙa shi ga Buffalo a 1992. A can ya yi kaka shida a jere yana fin kowane gola kason abin da yake tarewa cikin abin da aka buga masa. Sau shida ana ba shi kyautar gwanin gololi. A 1997 da 1998 aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa daraja a gasar baki ɗaya, kuma babu wani gola da ya taɓa samun wannan sau biyu. A wani wasa da New Jersey a 1994 an buga masa sau 70, aka yi ƙarin lokaci har huɗu, ko ɗaya ba ta shiga ba.

Sai Nagano ta Japan, 1998, karon farko da aka bar 'yan NHL suka je Olamfik. Kowa na jiran Kanada ko Amurka. Cek ta fitar da Amurka da 4 da 1. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Kanada, aka tashi kunnen doki ɗaya da ɗaya, ƙarin lokaci bai raba ba, aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida. Robert Reichel ya ci wa Cek ta farko. Kanada ta turo mutum biyar, Fleury, Bourque, Nieuwendyk, Lindros, Shanahan, babu wanda ya ci. Gretzky na zaune a benci, ba a ma saka shi cikin masu bugawa ba. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma, kuma abin da ke kama ni kullum shi ne yadda Hashek yake fitowa daga raga ya tari mai bugu, ya ƙi motsawa har sai shi mai bugun ya fara nuna inda zai nufa. Ranar 22 ga Fabrairu suka haɗu da Rasha, wadda Pavel Bure ya ci mata ƙwallo biyar shi kaɗai a wasan da ya gabata. Petr Svoboda ya ci ɗaya, Hashek ya kulle ƙofa, aka tashi 1 da nema. Ƙwallo shida kawai aka ci shi a wasa shida. Da suka dawo Prag, taron jama'a na ta rera "Hashek na Hrad", wato Hashek ya tafi fada, fadar da shugaban ƙasa ke zama.

Yagir yana cikin wannan tawaga. Na tambayi Baba, tsakaninka da Allah, in an cire Yagir daga Nagano za ku iya cin zinaren? Ya ce wataƙila. Na ce in an cire Hashek fa? Ya yi shiru, ya juya cokali a kofin shayinsa, can ya ce wasa shida ba sa auna shekara talatin. Maganarsa tana da ƙarfi, na yarda. Amsata ita ce Hashek ma ba ɗan wasa shida ba ne. Ya fara buga wa manyan Pardubice yana da shekara 16, ya ɗaga kofin Stanley da Detroit a 2002 da 2008, ya koma garinsu ya ci musu gasar ƙasa a 2010 yana da shekara 45.

Kun ji gangunan nan? Magoya baya sun fara, 'yan wasa sun fito ɗumama jiki ke nan. Ga Baba can bakin ƙofa da tikitinmu a hannu, sanye da 68 ɗinsa, yana ɗago min hannu in yi sauri. Bari in sa puk ɗin nan a aljihu mu shiga, in nuna muku ƙanƙarar kusa da kusa kafin su farfasa ta.