Daga Karan Taba Zuwa Albashi

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, 'yan'uwa maza da mata, na gode da kuka samu zuwa.

Da tambaya zan fara. Mutum ya yi wata shida a asibiti har hankalinsa ya dawo jikinsa, ko kuwa ya sha fama ya rabu da ƙwaya. An sallame shi. Gari ya waye, kowa a gida ya fita nema, shi ma ya yi wanka ya sa kaya, sai ya zauna. Ina zai je? Likita ya rubuta masa maganin safe da na dare, amma tsakanin safen da daren akwai wuni guda da ba wanda ya gaya masa yadda zai yi da shi. Idan ya je neman aiki, a tambaye shi ina ya shige duk tsawon lokacin nan, da ya faɗi gaskiya sai a ce masa za a neme shi. Tsofaffin abokan shaye-shaye ne kaɗai ba sa yi masa wannan tambaya, kuma ƙofarsu kullum a buɗe take.

Wannan wunin ne ya sa aka fara kafa kamfanonin da zan yi magana a kansu. Suna saye da sayarwa, suna neman riba kamar kowa, amma dalilin kafa su shi ne a ɗauki irin mutumin nan aiki.

Mu je birnin Triyeste na Italiya. A 1971 aka naɗa likita Franco Basaglia shugaban asibitin masu taɓin hankali na San Giovanni, mai majinyata kusan 1,200. Ya tarar majinyata su ke shara, su ke wanki, su ke aikin kicin. Ana ce wa wannan magani ne, ladansu kuwa bai wuce karan taba ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Basaglia ya ce in aiki ne, to a biya shi yadda ake biyan aiki. A 1972 majinyata da ma'aikatan asibitin suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama-kai. Da farko kotu ta ƙi yi mata rajista, wai mai taɓin hankali bai isa ya sa hannu a yarjejeniya ba. Sai a 1973 aka amince, ƙungiyar ta karɓi kwangilar tsabtace asibitin. Ku duba fa, tsintsiyar jiya ce, ɗakunan jiya ne, amma mai sharar yanzu yana da albashi, yana da ƙuri'a a taron ƙungiya. A 1978 Italiya ta yi doka mai lamba 180 ta rufe irin waɗannan asibitoci, a 1991 kuma ta yi mai lamba 381, wadda ta ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan irin wannan ƙungiya su kasance daga masu rauni, har da masu lalurar ƙwaƙwalwa da waɗanda suka yi shaye-shaye, aka kuma yafe mata kuɗin inshorar da ake biya a kansu.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne La Fageda, a yankin Kataloniya na Sifen. Cristóbal Colón, masanin halayyar ɗan Adam ne, ya gaji da ganin majinyata suna yin 'yan kayan hannu ana jibgewa a sito ba mai so. Kada ku ɗauka majinyaci bai gane ba. Ya san aikin da ake ba shi don a ɗauke masa hankali kawai. A 1982 Colón ya kafa ƙungiyar La Fageda a garin Olot, suka yi kiwon shanu, da ƙa'idar Turai ta taƙaita madarar da za su sayar, a 1993 suka koma yin yogot. Yau yana cikin yogot ɗin da ya fi shiga kasuwa a Kataloniya, kafaɗa da kafaɗa da na manyan kamfanoni. A nan nake so ku riƙe ni da kyau. Mai saye don tausayi sau ɗaya yake saye, wanda ya ji daɗin kaya shi ke dawowa, kuma dawowarsa ce ke biyan albashin wata mai zuwa.

A ɓangaren shaye-shaye, akwai gidauniyar Delancey Street a San Faransisko ta Amurka tun 1971, suna da gidan abinci da kamfanin kwashe kayan masu ƙaura, wanda ya daɗe shi ke koya wa sabon zuwa.

Amma akwai gyara, ba zan ɓoye muku ba. Kamfani irin wannan yana iya zama wani asibitin da aka sake wa suna, a tara mutane gefe guda, albashi cikin cokali, ba hanyar fita. Shi ya sa masu bincike Deborah Becker da Robert Drake a Amurka suka fito da wani tsari: a sama wa mutum aiki a kamfani na kowa da kowa tun farko, sannan a bi shi da tallafi. Da aka gwada shi a birane shida na Turai, sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna kashi 55 cikin ɗari sun samu aiki, alhali a tsohon tsarin horarwa kafin a nemi aiki kashi 28 ne. A ganina hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne, muddin ma'aikaci yana da zaɓi.

Na san abin da masu kamfani a cikinku ke son tambaya: idan ciwon ya tashi fa? Zai iya tashi, kamar yadda hawan jini ke tashi. Fountain House, gidan tallafa wa masu lalurar ƙwaƙwalwa da aka kafa a Niyok a 1948, ga yadda suka yi: suna karɓar gurbin aiki a wani kamfani da sunan gidan, su horar da ɗan gidan su tura shi. Ranar da ya kasa fitowa, wani daga gidan ne zai je ya riƙe masa aikin, mai kamfani bai yi asarar ko wuni ɗaya ba. Idan ya samu sauƙi ya dawo, zai tarar da wurinsa yana jiransa.

To, bari in tsaya nan mu ji tambayoyi.